SHIRUN MANOMI BA YARDA BA NE

  

 Yau ba zan yi maka kwana-kwana ba, domin abin da ke cikin zuciyata ya daɗe yana ci na, kuma ni kaina ina cikin waɗanda zan zarga. Maganata a kan 'yan birni ce idan suka fita ƙauye, musamman mu da muke ganin mun yi karatu, na allo da na boko.

Ƙarshen daminar da ta wuce mun je ɗaurin aure a wani ƙauye da ke kusa da Rogo Ruma, inda dangin mahaifiyata suke. Motoci uku muka yi daga Kano. Duk wanda ya san ƙasar Rogo a watan Satumba ya san abin da ido ke gani: masara ta yi goyo, dawa ta fara fidda kai, waken suya ya rufe ƙasa kamar an shimfiɗa darduma. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙauye, sai direban motar gaba ya ɓata hanya. Maimakon ya yi baya-baya zuwa mararrabar da ya wuce, sai ya karya kan mota ya faɗa gonar waken suya ya yi kwana a cikinta. Ta biyu ta bi sawunsa. Ta ukun, wadda nake ciki, ita ma ta bi. Da muka tsaya jiran wanda zai nuna mana hanya, sai samarin da ke tare da mu suka watsu cikin wata gonar masara da ke gefe, kowa yana ɓantara yana kaiwa but ɗin mota, wai za a gasa idan an koma gida.

Ana cikin haka sai ga wani dattijo ya fito daga cikin dawa da fartanya a kafaɗa. Ya dubi sawun taya, ya dubi masarar da ke hannun yara, ya dubi manyan rigunanmu. Wani daga cikinmu ya ɗaga murya yana dariya ya ce, "Baba, mun ɗan taɓa maka masara fa!" Dattijon ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ba komai, Alhaji, ai ku baƙi ne." Ya nuna mana hanya, muka wuce.

A cikin mota na ce anya abin nan da muka yi ya halatta? Sai wani abokina, wanda tare muka yi karatun Larabci, ya ce, "Haba Malam, kai da ka san hadisin mai wucewa ta gona! Kuma ba ka ji da kunnenka ya ce ba komai ba?" Aka yi dariya, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun nawa shi nake son in biya bashinsa a yau.

Bari mu fara da hadisin, tunda da shi aka rufe mini baki. Gaskiya ne, akwai ruwayoyi a wajen Tirmizi da Abu Dawuda da Ibn Majah da ke nuna rangwame ga wanda ya biyo ta lambu ya ci daga 'ya'yan itacensa. To amma wanda ya haddace rabin hadisi ya fi wanda bai taɓa jin sa ba haɗari. Ruwayoyin nan da kansu sun zo da sharuɗɗa. A cikinsu akwai cewa mutum ya ci da bakinsa a nan take, kada ya ƙunsa a rigarsa ya tafi da shi. A cikinsu akwai wadda ta ambaci mabuƙaci. A cikinsu akwai wadda ta ce ya kira mai abin har sau uku tukuna. Sannan mafi yawan malamai, cikinsu har da Imamu Malik wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, da Abu Hanifa da Shafi'i, sun ɗauki wannan rangwame a kan wanda yunwa ta matsa wa. Imamu Ahmad ne ya faɗaɗa, shi ma a lambun da ba shi da katanga ba shi da mai gadi, kuma shi ma bai yarda a ɗauka a tafi ba. To yanzu ina tambaya: wace yunwa ce ta matsa wa mutanen da kulolin shinkafa da kaji ke jiran su a gidan biki? Wa muka kira sau uku, ko sau ɗaya ma? In kuwa ƙunsawa a gefen riga an hana, to me za a ce da but ɗin mota?

Ga kuma hadisin da abokin nawa bai tuna ba, alhali yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar (RA). Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya tatsi dabbar wani ba da izininsa ba, ya kuma kwatanta hantsar dabbar da ɗakin ajiyar mutum, wanda ba mai son a fasa masa shi a kwashe abincinsa. Dubi wannan kwatanci da kyau. Ɗan birni yana da kanti, yana da sito, yana da asusu a banki. Manomi kuwa kantinsa da sitonsa da asusunsa duk suna tsaye a fili, ba ƙofa ba kwaɗo, ba abin da ke tsaron su sai tsoron Allah na masu wucewa. Da wani baƙauye zai shiga Kantin Kwari ya ɗauki turmin atamfa ɗaya ya ce ai suna da yawa, da kafin ya kai bakin titi an tara masa jama'a ana ihun ɓarawo. Amma mu mu shiga nasa kantin, mu fito muna dariya, har mu kira abin nishaɗi.

Saura maganar "ba komai". A nan ne zaluncin ya fi muni, domin mun ɗauki kyawun halin mutum mun mayar da shi makamin yaƙarsa. Ka sa kanka a matsayin wannan dattijo. Motoci uku, manyan riguna, baƙin maƙwabcinsa da ke aurar da 'ya, kuma ɓarna ta riga ta auku. Me kake so ya ce? Ya ce ku biya, gobe a ce a gari ya tozarta baƙin biki a kan masara? Ya san kuma cewa a cikin masu manyan rigunan nan wataƙila akwai wanda ya san wani a ofis. Bahaushen ƙauye an raine shi a kan kara da kawaici, ya gwammace ya kwana da ciwo da a ce ya yi rowa. Tambayar da aka yi masa ma ba neman izini ba ce, sanarwa ce bayan an gama. Shari'a ba ta halatta dukiyar Musulmi da motsin leɓe kawai, sai da daɗin rai. Imamu Gazali ya yi dogon bayani a Ihya'u a kan wanda ya roƙi mutum a gaban jama'a har ya ba shi don jin kunya, ya nuna cewa wannan ɗan'uwan ƙwace ne, bambancinsu kawai shi ne ɗaya jiki ake duka, ɗaya kuma zuciya. Abin mamaki a harshenmu, kalma ɗaya ce ke nufin abin da manomi ke tayarwa da garma da kuma abin da ke hana shi magana. Ran nan mun taka masa duka biyun: kunyar gonarsa da taya, kunyar fuskarsa da baki.

Asalin cutar, a ganina, wata fahimta ce da ta zauna a kan ɗan birni, cewa duk abin da ke bayan gari "daji" ne, daji kuwa ba shi da mai shi. Wannan jahilci ne. Daga Karaye zuwa Rogo, ka bi ta Zarewa ko Fulatan ko Beli har ka dangana da iyakar Katsina ko ta Kaduna, da wuya ka taka taƙi ɗaya da ba a san mai shi ba. Layin gamba ko jema da kake gani kamar ciyawar banza, iyaka ce, wataƙila an taɓa zama gaban dagaci a kanta. Filin da ka gani ba shuka, ko dai saura ce aka bari ta huta, ko makiyaya ce, ko burtali ne da shanu ke bi, wanda in ka toshe shi da motarka shanun za su ratse su faɗa gonar wani, rigimar da za ta biyo baya kuma kana can birni kana barci. Ɗorawar nan da ke tsakiyar gona tana da mai ita, wani lokaci ma mai itacen daban, mai gonar daban. Daga kalwarta wata tsohuwa ke yin daddawar da take sayen sabulu da magani. Haka kaɗanya, haka kuka, haka tsamiya da mangwaro. Karan dawa da kake gani a zube bayan girbi, shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne abincin dabbobi. Harawar da aka ɗora a kan reshen bishiya kuɗi ce a rataye, ana jiran bazara ta yi tsada. Wanda kuma zai fake da cewa ai ƙasa ta gwamnati ce tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, sai mu ce masa dokar ba ta ce amfanin gonar talaka na duk wanda ya zo da mota ba ne.

Masu cewa "masara nawa ce, ai ba ta taka kara ta karya ba" su ma su saurara. Ba kai kaɗai ne mai wucewa ba. Gonar bakin hanya kullum cikin biyan wannan haraji take: yau 'yan biki, gobe 'yan siyasa da jerin gwanon motoci, jibi ɗalibai 'yan yawon buɗe ido. Kuma masarar da ka ɓantara ba daga sama ta faɗo ba. Tun shekarar 2016 manoman ƙasar nan ke fama da tsutsar nan mai cin zuciyar masara, sai an yi feshi an sake. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin huɗa da na sufuri da na ban ruwa suka yi tashin gwauron zabi. Da yawa bashi suke ci su sayi taki, a kan za su biya da kaka. Allah da Ya halicci ƙasar da ruwan, abin da Ya wajabta wa manomi shi ne ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan da wahalarsa ya shayar, shi ma sai amfanin ya kai nisabi, kuma Ya faɗi waɗanda za a ba. Ban ga sunan mai wucewa da cikakken ciki a cikinsu ba.

Game da sawun taya kuwa, ba ma sai mun je nesa ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka ce mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. Ya kuma wuce ta hukuncin ɓarnar dabbobi a gona da dare, wanda asalinsa shari'ar taguwar Barra'u ɗan Azib (RA) ce da ta shiga lambun wani, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Anbiya, ya ba mu labarin annabawa biyu, Dawuda da Sulaimanu (AS), suna zaman shari'a a kan gonar da tumaki suka ɓata. Annabawa biyu a kan gona ɗaya! To idan an kama mahayin jaki da laifin kofaton jakinsa, alhali jaki yana da nasa ra'ayin, ina ga mai riƙe da sitiyari, wanda motarsa ba ta karkata sai inda ya karkatar da ita? Sayyidina Abubakar (RA) da zai tura runduna Sham, cikin abin da ya yi wa Yazidu ɗan Abi Sufyan wasiyya da shi har da hana sare itace mai 'ya'ya da hana rushe wuri rayayye. Wannan a ƙasar abokan gaba ke nan, a lokacin yaƙi. Mu kuwa a ƙasar kawunnanmu, a ranar biki.

Ba zan wuce ban taɓo 'yan farauta ba. Farauta halal ce, kuma ina girmama mafarautan gargajiya da suka san dawa suka san ƙa'idarta. Waɗanda nake nufi su ne ayarin da ke cika mota da karnuka da gariyo idan rani ya shigo, su sauka a ƙasar da ba su san kowa ba, ba su gai da mai unguwa ba, ba su nemi sarkin baka ba. Don su fito da zomo ko gafiya sai su cinna wa ciyawa wuta a tsakiyar hunturu, iska na kaɗawa. Wutar ba ta san iyakar gona ba. Ta ci kara, ta ci harawa, ta ci dammunan da ba a kai ga kwashewa ba, ta ƙone 'yan itatuwan da aka dasa. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an ambaci mai hura wuta a ranar iska cikin waɗanda ke biyan abin da ta ci. Sai dai wa za a kama, tunda kafin hayaƙi ya kwanta sun hau mota? Ga kuma halin da ake ciki na rashin tsaro a wasu yankunan jihohin da ke maƙwabtaka da mu. Yau idan mata suka hango baƙin fuskoki da makamai suna ratsa gonaki, ba zomo ne zai fara zo musu a rai ba. Tsorata Musulmi kuwa haramun ne ko da wasa. Zuwa gaban mai unguwa a yi sallama a faɗi abin da ya kawo mutum, kariya ce ga baƙon kansa kafin kowa.

Haka abin yake a bakin madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992. Mutane sun rasa gonaki da gidaje kafin ruwan nan ya kwanta a inda yake, kuma daga kogin Challawa ake ɗiban wani kaso na ruwan da birnin Kano ke sha. Je ka duba bakin ruwan bayan masu yawon sallah sun watse: ledoji, robobin lemo, fasassun kwalabe. Akuya ko saniya ta haɗiyi leda ta yi ta ramewa har ta mutu, mai ita bai san dalili ba sai mahauci ya farka tumbi. Yaro mai kiwo ba takalmi ya taka kwalba. Wani kuma ya zaga gindin bishiyar da manoma ke hutawa su ci abinci ya yi bahaya, alhali ƙananan yaran Islamiyya ma sun san hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu wurare ne da yin haka a cikinsu ke jawo tsinuwa.

Akwai kuma sabuwar ɓarna da ba ta barin sawu a ƙasa, wato ta waya. A ga matan aure a bakin rijiya, ko 'yar Fulani da ƙwaryar nono, ko tsoho da yagaggiyar riga yana noma, sai a ɗaga waya ba sallama ba izini. Kafin magariba hoton yana Facebook ko TikTok, ana dariya ana rubuta "mutanen ƙauye". Matar da a birni ba za ka iya ɗaga ido ka kalle ta ba don tsoron mijinta, a ƙauye ka mayar da ita abin kallon duniya. A huɗubar ban kwana, da Manzon Allah (SAW) ya haramta jini da dukiya da mutunci, bai ware na birni ya bar na ƙauye ba.

Turawan Ingila, da suka ga mutanen birane na yawaita fita karkara, sun fitar da ƙa'idojin shiga karkara tun 1951, suna kuma sabunta su har yau: ka bi hanyar da aka tanada, ka bar ƙofar shinge yadda ka same ta, ka riƙe karenka kusa da dabbobi, ka koma gida da sharar da ka zo da ita. A 2001, da cutar baki da kofato ta ɓarke musu, rufe hanyoyin ƙafa na karkara suka yi, aka kuma hallaka dabbobi sama da miliyan 6, saboda sun san takalmi da taya na iya ɗaukar cuta daga garke zuwa garke. Ban kawo wannan don in ce su ne malamanmu ba. Na kawo ne don na san a cikinmu akwai wanda in ya je can zai bi ƙa'idar nan sau da ƙafa, har ya dawo yana ba da labarin tsarinsu, amma a Rogo ya yi kwana a gonar mutane.

Wani zai ce ina son in kashe karamci, in sa mutanen ƙauye su zama masu ƙirga zangarniya. Ko kusa. Ban ce mutanen ƙauye mala'iku ba ne, a cikinsu ma akwai mai cin iyaka da mai sakin dabba da gangan. Amma karamcinsu gaskiya ne, kuma shi nake karewa. Wallahi da mun tsaya a bakin gonar nan mun yi sallama, mun ce "Baba, sannu da aiki, masararka ta ba mu sha'awa," da da hannunsa zai zaɓo mana waɗanda suka fi ƙosawa, fiye da abin da yaran suka ɗiba, ya tafi gida yana murna ya samu lada. Mun hana shi ladan kyauta, mun ɗora wa kanmu nauyin ƙwace, masarar kuma ita ce dai. Irin wannan hali ne ke sa gonakin bakin hanya su fara yin shingen ƙaya, fuskokin da a da ke sakin murmushi ga baƙo su fara ɗaurewa.

Bayan sati uku na koma ni kaɗai a motar haya, na sa wani ɗan kawuna ya raka ni gidan dattijon. Muka gaisa a zaure, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, masara tawa ce, na yafe har ga Allah, ko sisi ba zan karɓa ba. Amma waken nan da motoci suka taka ba nawa ba ne. Gonar marayun ƙanena ce, uwarsu ce ta sayar da tunkiyarta ta sa aka noma musu. Wannan ba ni da bakin yafe shi. Ran nan ma da na ce ba komai, ban yi barci ba."

Aka kira maƙwabtan gona biyu, muka je suka ƙirga kunyoyin da suka lalace, suka ƙiyasta kwanon da za su bayar a farashin kaka. Na biya, aka kai wa uwar marayun a gaban shaidu, ta aiko daga cikin gida cewa ta gode. Da na dawo Kano na kira waɗanda muka yi tafiyar tare ɗaya bayan ɗaya, na faɗa musu ko gonar wa muka taka. Biyu sun aiko da nasu kason a ranar, ɗaya ma ya ƙara da kuɗin sabulu ga yaran. Abokina mai hadisi ya ce zai duba maganar ya kira ni. Har zuwa daren da nake wannan rubutu bai kira ba.